Mai Aikin Sa Kai Ba Ya Komawa Gida Hannu Rabbana

Akwai maganar da ake yawan ji a majalisa, daga Gazawa har Gidan Runji: wai aikin sa kai na wanda ya rasa abin yi ne, in babu kuɗin zama to wahalar banza ce. Masu faɗin haka ba ragwaye ba ne. Magidancin da rumbunsa ya ƙare tun kafin damina yana da hujjar tambayar abin da zai kai gida, kuma ya sha ganin masu albashi mai tsoka suna sallamar ɗan gari da "Allah ya saka da alheri". Wannan koken gaskiya ne. Inda muka rabu shi ne cewa mai sa kai ba ya samun komai.

Gonakinmu sun isa shaida. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya mai aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, ya lura cewa kututturan da ake sassabewa kowace shekara suna da saiwa mai rai a ƙasa. Da yunwar 1984 ta zo, aka riƙa bai wa mutane hatsi don su bar toho ya girma. Hatsi na tsayawa, galibin itatuwan suka sha gatari. Waɗanda suka tsira na mutanen da suka ci gaba da aikin ne babu mai auna musu ko tiya guda.

Daga hannunsu wannan dabara ta barin toho, wato sassaben zamani, ta bazu, har masu bincike suka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar. A Ɗan Saga, cikin ƙasar Agye, mutanen gari suka kafa kwamitin sa ido, maza da mata, har da makiyaya, suna zagaya gonaki don hana saran sata.

To, me ɗan kwamiti ya samu? Ya samu ido. Yana duban kututturen kalgo ko sabara ya san toho nawa zai bari, wanne zai datse, kuma wannan ilimi a gonarsa yake fara aiki. Iskar farkon damina ta rage binne masa shuka da rairayi. Gawo na zubar da ganye da damina, gero ya sha rana da taki a gindinsa, da rani kuma tumaki su ci 'ya'yansa. Mai ɗakinsa ta huta da doguwar tafiya neman itacen girki, ta daina ƙona kara da kashin shanu.

Sai abin da ya fi taɓa ni, wato bakin magana. Wanda ya tsare itacen maƙwabcinsa shekara da shekaru ba a biya shi ba, ranar da rigima ta tashi tsakanin manomi da makiyayi shi ake aika wa yaro ya kira, domin kowa ya san ba a saye shi ba. Macen da a da ba ta buɗe baki gaban maigari, yau da ita ake yanke tarar wanda aka kama da gatari a gonar wani.