Ada Foah: Bukkokin Baƙi, Fatsa Da Tekun Da Ke Cin Gari

Duk wanda ya zauna a birnin Akra, wanda mu Hausawa muka fi sani da Ankara, ya san cewa da zarar ƙarshen mako ya zo, ko aka samu hutun Sallah ko na Kirsimeti, hanyar da ta nufi Aflao kan cika maƙil da motoci. Wasu Lome suka dosa, wasu Keta, amma da yawa daga cikinsu idan sun kai mahaɗar Kasseh sai su karya dama su gangara kudu zuwa Ada Foah, garin da Kogin Volta ya ƙare doguwar tafiyarsa tun daga Burkina Faso ya faɗa teku. Tazarar garin daga Ankara kilomita 100 ce da 'yar ɗoriya, kuma motar haya kan kai mutum cikin awa biyu zuwa uku, gwargwadon cunkoson da aka tarar a wajen Tema.

Abin da ke jan mutane zuwa can shi ne wani siririn tudun yashi da ya miƙe tsakanin ruwa biyu. Idan ka tsaya a tsakiyarsa, ta hannu ɗaya ga kogi a kwance shiru kamar an shimfiɗa tabarma, ta ɗaya hannun kuma ga teku na ta dukan gaɓa da ƙarfi dare da rana. A kan wannan yashi, da kuma a tsibiran da ke cikin kogin, aka kakkafa masaukan baƙi iri-iri, kama daga bukkar kaba zuwa manyan otal-otal masu wurin ninkaya.

Tsohuwar alaƙa da Hausawa

Kafin mu shiga batun masauki da kamun kifi, yana da kyau mai karatu ya san cewa sunan Ada ba baƙo ba ne a tarihin fataucinmu. A yammacin garin akwai tafkin Songor, inda mutanen Ada, masu jin harshen Dangme, suka daɗe suna kwasar gishiri. A ƙarni na 19 wannan gishiri a kwale-kwale ake loda shi a haura kogi da shi zuwa kasuwannin arewa, ya kai har Salaga inda fataken goro na ƙasar Hausa ke sauka. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, sai fatake da malamai da dama suka koma Kete Krachi, ciki har da shahararren malamin nan Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya rasu a can a 1934. Ke nan duk wani ɗan zango da ya je Ada yau, ya je ne mafarin hanyar gishirin da kakanninsa suka yi cinikinsa.

Mutanen Danmak sun gina ganuwarsu mai suna Kongensten a Ada a shekarar 1783 domin su riƙe bakin kogin. Yanzu dai teku ya cinye mafi yawan wannan gini, kuma labarinsa shi ne labarin garin gaba ɗaya, kamar yadda za mu gani nan gaba.

Daga bukka zuwa gidan bene

Masauki mafi sauƙin kuɗi shi ne sansanin bukkoki. Irin wannan bukka da ganyen kwakwa ko kaba ake yin bangonta, a rufe ta da ciyawa, daɓenta kuwa yashin wurin ne kawai. A ciki za ka tarar da gado da katifa da gidan sauro, ba ƙari. Wanka da bokiti ne, banɗaki na haɗaka, wutar lantarki kuma sai inda aka sa na'urar hasken rana ko janareto. Wanda ya zo da tantinsa akan ba shi fili ya kafa, ya biya ɗan abin da bai kai kuɗin bukka ba. Ɗaya daga cikin sansanonin da suka fi suna shi ne Maranatha, wanda aka san shi da cewa ribarsa na tallafa wa makarantar yaran masunta da ke kusa da shi. Galibin waɗannan wurare mota ba ta kai wa gare su, sai dai a ajiye ta a gari a shiga jirgin ruwa.

Sama da wannan akwai ƙananan gidajen katako ko na bulo masu ɗaki ɗaya ko biyu a bakin kogi, waɗanda iyali ko abokai kan kama gaba ɗaya su yi girkinsu da kansu. Sai kuma gidajen hutu na masu hannu da shuni da kamfanonin Ankara, kowanne da matsayar jirginsa, da manyan otal-otal irin su Aqua Safari da ke Big Ada. Kowa da daidai aljihunsa, sai dai ya kamata maigidan da zai tafi da iyali ya yi tambaya tun kafin ya biya, domin wasu sansanonin a daren Asabar kan hura wuta a bakin teku a kwana ana kiɗa da shaye-shaye. Mai neman natsuwa gara ya zaɓi tsakiyar mako, ko ya nemi wurin da ke can gefe. Abinci kuwa ba matsala ba ne ga Musulmi muddin ya tsaya a kan kifi, ga banku, ga kenke, ga shinkafa, ga barkono da albasa.

Yadda ake su a bakin kogi

Bakin Volta wuri ne da ruwan daɗi ke gauraya da na gishiri, saboda haka kifin wurin ma gauraye yake. Can cikin kogi da tsakanin tsibirai ana samun karfasa da tarwaɗa da ƙaguwa da jatan lande. Idan aka matso inda ruwan biyu ke karo, nan ake gamuwa da manyan kifayen teku masu farautar ƙanana, irin su barakuda mai kaifin haƙori, da tafon mai sheƙi kamar azurfa wanda idan ƙugiya ta kama shi sai ya dinga tsalle sama da ruwa. Waɗannan su ne ke kawo masu sha'awar fatsa daga Ankara da ma ƙasashen waje.

Baƙon da bai zo da kayansa ba, abin da zai yi shi ne ya yi jinga da mai kwale-kwale na awa kaza, a haɗa da kuɗin mai da koto. Masuntan wurin da zare da ƙugiya da darma kawai suke aiki, ba sai da sandar zamani ba, kuma sun san lokacin da kifi ke ci. Teku na cika ya janye sau biyu a yini, kuma a daidai sa'ar da ruwa ya fara juyawa ne, musamman da asuba ko gab da magariba, aka fi dacewa. Wanda ya fita da tsakar rana lokacin da ruwa ke tsaye, sau da yawa zafin rana kawai zai kwaso.

A ɓangaren teku kuwa taru ake ja. Kwale-kwale ya fita ya zagaya da koma, sannan mutane su jeru a kan igiya biyu a gaɓa suna ja suna waƙa, aikin da kan ɗauki awoyi. Baƙon da ya sa hannu ba a hana shi, kuma bisa al'ada wanda ya taya ja ba ya tashi hannu rabbana. Sai dai a sani cewa a mafi yawan garuruwan gaɓar Gana ba a shiga teku su ranar Talata, al'ada ce tun ta kaka da kakanni, kuma bai dace baƙo ya matsa wa mai jirgi ya karya ta don kuɗi ba.

Akwai kuma wata sana'a da ba a rasa gani a hanyar, wato nutso domin ciro wani abin ruwa mai kwanso da 'yan ƙasar ke kira adodi. Mata kan soya namansa su tsire shi a tsinke suna sayarwa matafiya, kwanson kuma a tara shi tsibi-tsibi a sayar wa masu yin farar ƙasa da abincin kaji.

Abin da madatsar ruwa ta canza

Duk wannan ni'ima tana cikin haɗari, kuma tushen matsalar yana can sama da kogin. A 1965 aka kammala madatsar ruwa ta Akosombo, wadda ta haifar da Tafkin Volta mai faɗin murabba'in kilomita kusan 8,500, sannan aka ƙara ta Kpong a 1982. Kafin wannan lokaci, ambaliyar kowace shekara kan kwaso yashi da laka ta zube a bakin teku, ta mayar da abin da igiyar ruwa ta kwashe. Da aka tare kogin sai yashin ya riƙa kwanciya a bayan madatsa, teku kuwa bai daina ɗiba ba. Ga kuma ɗumamar yanayi da ke ƙara wa teku tsawo. Sakamakon haka shi ne gidaje da gonakin kwakwa da hanyoyi suka shige ruwa, ƙauyuka irin su Totope da Azizanya suka sha ambaliya, a tsallaken kogi kuma ƙauyen Fuveme kusan ya shafe baki ɗaya. Gwamnati ta kashe maƙudan kuɗi a shekarun 2010 wajen jera shingayen duwatsu da zuba yashi a gaɓar Ada, abin da ya rage ɓarnar a inda aikin ya kai.

Rashin ƙarfin kogin ya jawo wata illar. Yashi kan toshe bakinsa, ruwan gishiri ya kasa shigowa sosai, ciyawar ruwa ta yaɗu, dodon koɗin da ke ɗauke da cutar tsargiya ya samu wurin zama. Wannan ne ya sa Hukumar Kogin Volta ke yashe bakin kogin lokaci-lokaci. Sana'ar adodi ma, wadda a da ake yi a dogon zango na kogin, ta takure zuwa ƙasa-ƙasa. Sannan a ranar 15 ga Satumbar 2023 hukumar ta fara sakin ruwa daga Akosombo saboda tafkin ya cika, ambaliyar da ta biyo baya ta raba dubban mutane da gidajensu a Mepe da wasu garuruwan da ke ƙasa, ta kuma taɓa yankin Ada.

Kifin teku shi ma ya ja baya. Ƙananan kifayen nan masu yawo a garke, waɗanda ake ƙyafewa a kai kasuwanni har arewa, sun ragu ƙwarai saboda yawan jirage, da su da fitila, da kuma haramtaccen cinikin nan da ake kira saiko, inda manyan jirage ke kama kifin da ba nasu ba su sayar wa masu kwale-kwale a tsakiyar teku. Saboda haka ne a 2019 gwamnati ta fara rufe teku na wata guda ga ƙananan masunta, baya ga hutun da ake ɗora wa manyan jirage.

Wa ke cin moriyar baƙi?

Yayin da su ke ja da baya, matasan Ada da dama sun koma ga baƙi, wannan ya zama matuƙin jirgi, wancan mai dafa abinci, wani kuma ɗan rakiya. To amma filin bakin ruwa ya yi daraja, kuma an sha samun taƙaddama tsakanin mazauna tudun yashin da masu son gina manyan otal-otal, domin masunci ba shi da takardar fili, abin da ya sani kawai nan aka haifi ubansa. Haka batun yake a Songor, wanda aka sa cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 1992, Hukumar UNESCO kuma ta amince da shi a matsayin keɓaɓɓen yanki a 2011. Hayar tafkin da aka ba wani kamfani a 2020 ta raba kan jama'a, kuma a Janairun 2022 wasu ɓata-gari suka kai hari gidan Rediyon Ada, rediyon al'umma da ke watsa shirye-shirye da harshen Dangme tun 1998, wanda ya daɗe yana ba masu kwasar gishiri damar faɗin albarkacin bakinsu.

Saboda haka inda baƙo ya sa kuɗinsa yana da tasiri. Kwana a sansanin 'yan gari, ɗaukar jirgin masunci da sayen kifi kai tsaye daga hannun mata, duk hanyoyi ne da kuɗin zai tsaya a garin.

Hattara ga masu niyyar zuwa

Babban abin da za a kiyaye shi ne ruwa. Tekun Ada na da ja mai ƙarfi, bakin kogin kuma inda ruwan biyu ke haɗuwa ya fi ko'ina haɗari, don haka kada wanda ya shiga jirgi ba tare da rigar kariya ba, kada kuma a yarda a yi wa kwale-kwale lodi fiye da ƙima, musamman ga ƙungiyoyin matasanmu na Nima da Madina da Ashaiman masu fita yawon Sallah. Daga Yuni zuwa Agusta teku ya fi hauka, lokacin hunturu kuwa ya fi kwanciya. A guji wanka a inda ciyawar ruwa ta yi yawa saboda tsargiya, a kwana cikin gidan sauro, a kuma kwashe leda da robobi a dawo da su.

Daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu kunkurun teku kan fito da dare su haƙa rami a yashi su saka ƙwai. Doka ta hana kama su ko ɗibar ƙwansu, kuma ma'aikatan kula da namun daji da ke da ofis a garin kan raka baƙi kallonsu cikin dare ba tare da an haska musu fitila ba. Mai son ganin al'ada kuwa sai ya nufi makon farko na watan Agusta, lokacin bikin Asafotufiami na tunawa da mayaƙan Ada, amma ya kama masauki da wuri domin a wannan mako garin ba ya da masaka tsinke.

Fatanmu shi ne hukumomi su faɗaɗa aikin kare gaɓa zuwa ƙauyukan da bai kai ba, su kuma tabbatar wa masunta haƙƙinsu na zama a bakin ruwa kafin a raba sauran filin. Allah Ya kai masu tafiya lafiya, Ya dawo da su lafiya.