Ɗumamar Yanayi da Sauyin Tsirrai a Ƙuryar Arewacin Duniya

A ƙuryar arewacin duniya, daga Alaska da Kanada har zuwa Saberiya ta ƙasar Rasha, akwai shimfiɗaɗɗen fili da ake kira tundura, inda tsananin sanyi da gajartar bazara suke hana manyan itatuwa tsirowa, sai dai ciyayi da gansakuka da suke kwance a kan ƙasar da cikinta ke daskare shekara da shekaru. Tun daga 1979 wannan yanki yake ɗumama kusan ninki huɗu na yadda sauran duniya take ɗumama, har ma a watan Yunin 2020 zafi ya kai digiri 38 a garin Verkhoyansk da ke Saberiya.

Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna cewa filin yana ƙara yin kore, domin ƙanƙara tana narkewa da wuri, lokacin tsiro yana tsawaita, ƙananan itatuwa masu yawan rassa kuma suna mamaye gaɓar koguna da gangaren tuddai. Sai dai wannan koren yana tafe da illa, saboda rassan da suka ɗara ƙanƙara tsawo suna da duhu, suna shan zafin rana maimakon su mayar da shi sama kamar yadda farar ƙanƙara take yi, inuwarsu kuma tana kashe farin tsiron da barewar makiyayan ƙabilun Nenets da Sami ke tonowa da kofato a lokacin hunturu. Haka kuma, idan daskararriyar ƙasa ta narke, tsoffin tsirran da ke binne a cikinta suna ruɓewa su saki iskar kabon, wadda ke ƙara rura ɗumamar da ta haddasa sauyin.