Dattin Kafireta: Abin da Ke Kashe Babur a Hanyar Zurmi

Tun da Shugaba Tinubu ya cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, kowace litar fetur ta zama abin lissafi ga 'yan kabu-kabun Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi. Man bumburutu kan zo da ruwa ko ƙura, ya toshe ƙananan ƙofofin kafireta, inda fetur ke gauraya da iska, sai babur ya riƙa shaƙewa yana mutuwa.

Maganinsa shi ne a rufe mai, a kwance kafiretar, a zubar da dattin da ya kwanta, a wanke da fetur mai tsabta, a hura iska. Kada a zura waya, domin tana faɗaɗa ƙofa, shan mai ya ƙaru. A hanyar da 'yan bindiga ke tarewa kuwa, mutuwar babur magana ce ta rai.