Ciwon Gwiwa: Kada Zama Ya Cinye Ƙafafun Iyayenmu

Duk wanda ya san kasuwar Treichville ya san cewa neman abinci a cikinta aikin ƙafa ne. Ɗan kasuwa zai yi sammako ya tafi Adjamé sarin kaya, ya hau mota ya sauka, ya taka matakalar bene, sannan ya wuni tsaye yana ciniki. Saboda haka ranar da gwiwa ta gaza, ba jiki kaɗai ke shan wuya ba, har da tukunyar gida.

Cutar da muke nufi ita ce wadda likitoci ke kira arthrose da Faransanci. A cikin gwiwa akwai guringuntsi mai santsi da ya lulluɓe bakin ƙasusuwa. Tsufa, da ƙiba, da tsohon rauni, da yawan ɗaukar kaya masu nauyi suna sa ya zaizaye sannu a hankali. Daga nan sai zafi wajen hawa ko saukar bene, da sandarewa bayan dogon zama, da ƙara idan an lanƙwasa ƙafa. A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shekarar 2019, mutum miliyan 365 ke fama da ita a gwiwa, kuma mata sun fi maza yawa.

Babban haɗarin shi ne yadda zafi ke koya wa mutum zama. Dattijo ya daina zuwa jam'i, tsohuwa ta bar rumfarta ga 'ya'ya, ba biki ba ta'aziyya. To, zaman nan shi ke raunana naman cinya da ke tallafe gwiwa, nauyin jiki ya ƙaru, ciwon ya tsananta, har mutum ya nakasa. Guringuntsin da ya zaizaye ba ya komawa yadda yake, amma tafiya daidai ƙarfi kullum da motsa cinya suna rage zafi. Kowane kilo 1 da aka rage a jiki yana sauke wa gwiwa kusan kilo 4 a kowane taku. Sanda ba abin kunya ba ce, kuma a hannun da ke ɓangaren lafiyayyar ƙafa ake riƙe ta.

Muna jan kunnen iyalanmu game da ƙwayoyin kan tebur irin na Adjamé Roxy. Magungunan kashe zafi kamar diclofenac, idan aka daɗe ana sha ba da sanin likita ba, suna jawo gyambon ciki, su taɓa ƙoda, su ƙara hawan jini. Gara a fara da asibitin unguwa. Daga can akan tura mutum babban asibiti, kamar na Cocody mai sashen cututtukan gaɓoɓi.

Game da salla kuwa, addini ya sauƙaƙa. Buhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi wa Imrana bin Husaini izinin yin salla a zaune idan ya kasa tsayuwa. Don haka mu tanadi kujeru a masallatanmu, mu kuma riƙa raka iyayenmu, ko da tafiyar za ta ɗau lokaci. Wanda ya goya mu muna ƙanana ya cancanci mu jira shi a hanya.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.