Mece ce Kabala, kuma me ta ce game da wahala?

A Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu da babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi da Damagaram, ba a rasa malamin da ya san hisabi. In an kawo masa suna, sai ya rubuta baƙaƙensa a allo, ya ba kowane baƙi adadinsa: alif ɗaya, ba biyu, jim uku, dal huɗu, har ya tara su ya fitar da jimla. Mutanen Ƙonni da Malbaza da Illela sun saba ganin wannan aiki tun suna yara. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne akwai wata al'umma wadda malamanta ke ƙirga baƙaƙe ta wannan hanya, kuma sun gina ilimi mai zurfi a kai. Su ne Yahudawa, ilimin nasu kuwa sunansa Kabala.

A yau sunan yana shigowa ta rediyo da wayar hannu, sau da yawa a lulluɓe da jita-jita. Wani ya ce tsafi ne, wani ya ce ƙungiyar asiri ce mai juya duniya. To, matambayi ba ya ɓata, kuma wanda ya shiga ajin yaƙi da jahilci da girmansa ya fi kowa sanin cewa daga baƙin farko ake somawa.

Kalmar Kabala ta harshen Ibrananci ce, ma'anarta "karɓa". Ibrananci da Larabci ƴan uwa ne, saboda haka tushenta ɗaya da kalmar ƙabul da malamai ke faɗi sa'ad da suke roƙon Allah ya karɓi ibada, ɗaya kuma da kalmar alƙibla. Watau Kabala ita ce abin da almajiri ya karɓa daga bakin malaminsa, shi ma daga nasa malamin. Ba addini ba ne na dabam. Karatun baɗini ne na Attaura, kamar yadda tasawwufi yake zaune kusa da fiƙihu. Kuma kamar yadda ake gardama kan ɗariƙu a ƙasar Hausa, haka Yahudawa suka daɗe suna gardama a kanta: wasu malamansu sun rungume ta, wasu sun ce bidi'a ce.

Baƙaƙen Ibrananci 22 ne, na Larabci 28, amma farkon jerinsu ɗaya: alef, bet, gimel, dalet, da adadi 1, 2, 3, 4. Ƙirgan nan suna ce masa gematriya. Ga misali da malamin Tsarnawa zai iya gwadawa a allonsa. Kalmar ahad, watau ɗaya, alif ne da ha da dal, jimla 13. A Ibrananci ehad ake cewa, jimlarta ita ma 13. Kalmar ƙauna a harshensu, ahaba, 13 take bayarwa. In an haɗa su biyu an sami 26, wanda shi ne adadin sunan Ubangiji mai baƙi huɗu da Yahudawa ba sa furtawa don girmamawa. Haka kuma kalmar hai, watau rayayye, 18 ce a harsunan biyu, shi ya sa Bayahude yakan ba da sadaka 18 ko 36 ko 54.

Wannan fanni ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Marubutan waƙoƙin ajami sukan rufe waƙa da ramzi, su ɓoye shekarar da suka rubuta ta a cikin baƙaƙe. Wani malamin Katsina, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi, ya rubuta littafi kan hanyoyin tsara hatimi a shekara ta 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Kamannin kuwa ba na banza ba ne, domin Yahudawa da Musulmi sun yi ɗaruruwan shekaru suna zaune gari ɗaya a Andalus da Masar. Wajen shekara ta 1080 wani malamin Yahudawa na Andalus, Bahya ɗan Fakuda, ya rubuta littafin gyaran zuciya da Larabci, yana ɗebowa daga maganganun sufaye. Amma fa kama da wane ba ta wane: kowane ɓangare da littafinsa da aƙidarsa.

Mai farawa yakan tambaya: da wane littafi ake somawa? Mafi tsufa shi ne Sefer Yezira, watau Littafin Halitta, ɗan ƙarami ne, bai wuce ƴan shafuka ba, an rubuta shi tsakanin ƙarni na 2 da na 6. Yana cewa an halicci duniya ta hanyoyi 32, watau adadi 10 da baƙaƙe 22. Amma uban littattafan shi ne Zohar, ma'anarsa haskakawa. Ya bayyana a Espanya a ƙarshen ƙarni na 13, a hannun Musa na Leyon wanda ya rasu a 1305. An rubuta shi da harshen Aramiyanci, aka jingina shi ga Shim'on bar Yohai, malami na ƙarni na 2. Masu bin ɗariƙar sun yarda da wannan jingina. Masu binciken tarihi kuwa, tun daga Gershom Sholem wanda ya rasu a 1982, sun nuna cewa Musa na Leyon da abokan karatunsa ne suka rubuta mafi yawansa. An fara buga shi a Italiya a 1558.

Malamansu na gargajiya ba sa miƙa wa baƙo Zohar. Sai ya ƙoshi da Attaura da shari'arsu tukuna, kamar yadda ba a sa yaro tafsiri kafin ya wanke allon Fatiha. Har an yi ƙa'idar cewa sai mai shekara 40 zai shiga zurfinsa, ko da yake babban shehin fannin, wanda za a ambata nan gaba, yana da shekara 38 ya rasu. Masu sayar da jan zare na ɗaurawa a hannu a biranen Amurka da sunan Kabala kuwa, matsayinsu a idon waɗannan malamai bai wuce na ɗan tsibbu a idon malamin zaure ba.

Abin da Zohar ke koyarwa shi ne zatin Ubangiji ba shi da iyaka, hankali ba ya kai gare shi, suna ce masa En Sof. Amma yana bayyana ta siffofi goma da ake kira sefirot, kamar hikima da jinƙai da hukunci. Nan da nan mai karatu zai ce: ashe wannan ba shirka ba ne? Yahudawa da kansu sun yi wannan tambaya tun da daɗewa. Amsar masu ɗariƙar ita ce ruwa ɗaya ne aka zuba a kwalabe masu launi iri-iri. Launin na kwalba ne, ruwan bai sake ba. Siffa ta goma ita ce Shekina, ƴar uwar kalmar Larabci sakina, watau kusancin Ubangiji da bayinsa. Suna cewa duk inda aka kore su, Shekina tana tafiya gudun hijira tare da su. Daga nan ne maganar wahala ta shigo.

Mutanen wannan yanki ba sai an fassara musu wahala ba. A watan Mayu na 1899 sojojin Faransa na Bule da Shanuwan suka ƙone Birnin Ƙonni, suka kashe jama'a masu yawa. Dattawa sun ga farin 1973 da 1974, sun ga na 1984, matasa kuma sun ga yunwar 2005. Manomin da ya yi salla ya fitar da zakka, sa'an nan ya tsaya yana kallon geronsa yana bushewa tun bai fitar da kai ba, yakan ji tambaya a ransa ko da bai furta ta ba: me na yi?

Tsohuwar amsa ita ce wahala sakamakon zunubi ce, ko kuwa jarrabawa. Amma littafin Ayuba da ke cikin littattafan Yahudawa ya riga ya girgiza rabin farko na amsar. A cikinsa abokai uku suka zo yi wa Ayuba jaje, suka nace masa cewa lalle akwai laifin da ya ɓoye. Ya ƙi yarda. A ƙarshen littafin abokan ne Ubangiji ya tsawata wa.

Shekara ta 1492 ta sake tayar da tambayar. A cikinta birnin Garnaɗa, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, ya faɗa hannun sarki Fardinan da sarauniya Isabela, kuma cikin ƴan watanni suka umarci Yahudawa su shiga Kiristanci ko su bar ƙasar. Dubun dubata suka watse zuwa Maroko da Italiya da ƙasashen Turkawa. A wajen wannan lokaci kuma, can a Tuwat cikin hamada, inda ayarin fatake ke bi zuwa ƙasashen Sudan, Shehu al-Magili ya sa aka rushe majami'ar Yahudawan Tamantit, aka kashe wasu, sauran suka gudu, alhali alƙalin Tuwat bai yarda da fatawarsa ba. Shi ne al-Magilin da ya zo Takedda a ƙasar Abzin, ya zauna Kano inda ya rubuta wa sarki Muhammadu Rumfa nasiha kan mulki, ya je Katsina, ya je Gawo wurin Askiya Muhammadu. Ta nan tarihin Yahudawa ya gifta ƙofar ƙasar Hausa.

Jikokin waɗanda aka kora daga Espanya da yawa suka taru a Safad, wani ƙaramin gari a kan duwatsun Galili, ƙarƙashin mulkin Turkawa. Wajen 1570 Ishaƙu Luriya ya iso garin daga Masar. Shekara biyu kacal ya yi yana karantarwa, annoba ta ɗauke shi a 1572. Bai bar rubutu mai yawa ba, almajirinsa Hayim Bital ne ya tattara maganganunsa. Ga abin da ya koyar, a taƙaice.

Tun da Ubangiji ya cika ko'ina, to, ina wurin da halitta za ta zauna? Luriya ya ce Ubangiji ya janye haskensa, ya bar fili. Sa'an nan ya aiko da haske cikin filin, aka tanadi tukwane goma da za su riƙe shi. Na sama suka jure, na ƙasa kuwa hasken ya fi ƙarfinsu, suka fashe, kamar sabuwar tukunya da ba ta gasu ba aka ɗora ta kan wuta mai ƙarfi. Sakaina ta zubo ƙasa, tartsatsin haske a manne da ita. Daga wannan sakaina mugunta ta samo asali. Watau duniya a fashe take tun kafin a yi mutumin da zai yi laifi.

Aikin ɗan Adam kuwa shi ne gyara, suna ce masa tikkun. Kowace addu'a da aka yi da niyya, kowace sadaka, kowane awo na gaskiya a kasuwa, har abinci da aka ci da godiya, yana ɗaga tartsatsi ɗaya ya koma mazauninsa. Korar da aka yi musu ma ta sami fassara: an warwatsa su ne don su tsinto hasken da ya watse a ƙasashe. Sholem ya ɗauka cewa raɗaɗin 1492 ne ya haifi wannan koyarwa. Wasu masana bayansa, kamar Moshe Idel, sun ce tushenta ya girmi korar.

Wannan bayani ba ya cika rumbu, kuma ba hujja ba ce da za a iya aunawa. Amma ya yi abu biyu da abokan Ayuba suka kasa: ya sauke zargi daga kan wanda masifa ta faɗa wa, ya kuma ba shi aikin yi. Yana da nasa haɗari. Mutanen da aka gaya wa gyaran ya kusa kammala sukan ƙosa. A 1665 wani mai suna Shabbatai Zebi ya yi da'awar shi ne Almasihun da suke jira, Yahudawa daga Yaman har Holan suka gaskata, wasu suka sayar da dukiyarsu suna shirin tafiya. A 1666 sarkin Turkawa ya ba shi zaɓi tsakanin mutuwa da musulunta, ya musulunta. Bayan wannan abin kunya ne malamansu suka ƙara tsananta sharuɗɗan karatun Kabala.

Gwaji mafi tsanani ya zo a yaƙin duniya na biyu, sa'ad da gwamnatin Hitila ta hallaka Yahudawa kimanin miliyan 6. A birnin Warso na Poloniya akwai wani shehin ɗariƙar Hasidim, wadda ta gaji koyarwar Luriya, sunansa Kalonimus Shafira. A watan Satumba na 1939 bama-baman Jamus suka kashe ɗansa da matar ɗan. A 1940 aka kulle Yahudawa fiye da 400,000 a unguwa ɗaya aka kewaye ta da bango, yunwa da cuta suna cin su. Shi kuwa bai bar wa'azin ranar Asabar ba har 1942, yana rubuta abin da ya faɗa.

Da farko yana gaya wa jama'arsa cewa kakanninsu sun sha irin wannan, su tuba su jure. Sannu a hankali maganar zunubi ta ragu a bakinsa. Ya koma cewa baƙin cikin Ubangiji saboda bayinsa ba shi da iyaka, har ya ɓoye shi a can cikin gaibu domin duniya ba za ta iya ɗaukarsa ba, kuma wanda ya yi kuka tare da Ubangijinsa zai sami ƙarfin komawa ga karatu. Malamin tauhidi zai ja birki a kan wannan lafazi, a cikin Musulmi ko a cikin Yahudawan kansu. A ƙarshen 1942, bayan an kwashe mafi yawan mutanen unguwar zuwa sansanin kisa na Tireblinka, shehin ya koma kan tsohon rubutunsa ya ƙara bayani a gefe: abin da ya faɗa a da, cewa an taɓa ganin irin wannan, bai ƙara zama daidai ba.

A farkon 1943 ya miƙa takardunsa ga masu ɓoye tarihin unguwar, aka sa su cikin garwar madara aka binne. An kashe shi a watan Nuwamba na wannan shekara. A watan Disamba na 1950 ma'aikata masu haƙa harsashin gini a Warso suka ci karo da garwar, aka buga wa'azin a 1960 da sunan Esh Kodesh, watau Wuta Mai Tsarki.