Kayan sauti a gida: a bar su kunne ko a kashe idan an gama saurare?

A gidaje da dama na Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tahoua, bayan kowa ya kwanta da dare, ƴan fitilu ja da shuɗi na ci gaba da ƙyalli a falo: na ampili, na rediyo, na dikoda. Wasu mantuwa ce ke sa su bar kayan a haka. Wasu kuma da gangan suke yi, domin sun ji an ce yawan kunnawa da kashewa ne ke lalata kayan sauti. Maganar tana da tushe, sai dai an yi ta ne a ƙasashe masu sanyi da wutar da ba ta yawan ɗaukewa. A yanayin Nijar, barin kayan kunne dare da rana ya fi kashe su jawo asara.

Inda maganar ta samo asali

Wannan muhawara tsohuwa ce a tsakanin masu sha'awar kayan sauti masu tsada a Turai, Amurka da Japan. Masu cewa a bar kaya kunne suna kafa hujja da abubuwa biyu.

Na farko shi ne abin da ke faruwa a daidai lokacin da aka danna makunni. A ɗan wannan lokacin, ampili yana zuƙar wuta mai yawa fiye da wadda yake ci idan ya kama aiki, domin taransifoma da manyan kondansata na cikinsa suna buƙatar su cika. Duk wanda ya yi amfani da tsohon ƙwan fitila mai zare ya san cewa yawanci lokacin kunnawa ne yake ƙonewa. Haka kuma ƙarfe yana buɗewa idan ya yi zafi, ya tsuke idan ya huce, kuma yawan wannan na iya sa dalmar da aka liƙa kayan ciki da ita ta tsage bayan shekaru.

Na biyu shi ne sauti. Tsofaffin rediyo da ampili masu ƙwayayen gilashi a ciki, waɗanda aka yi yayi kafin tiranzista da aka ƙirƙiro a 1947 ta maye gurbinsu, sai sun ɗumama kafin su fara magana. Ampili na zamani yana fitar da sauti nan take, kodayake wasu na ɗaukar mintoci kaɗan zuwa rabin awa kafin zafinsu ya daidaita. Bambancin da hakan ke kawowa ƙarami ne ƙwarai, mai sauraren labarai ko wa'azi ko waƙa a falo da wuya ya ji shi. Wanda ya damu da shi, ya isa ya kunna kayansa ƴan mintoci kafin ya zauna.

Ana kuma yawan ba da misali da gidajen rediyo, inda ba a kashe na'urori. To su aiki suke yi kusan ba tsayawa, galibi a ɗakuna masu na'urar sanyaya iska, da batura masu riƙe wuta idan an ɗauke. Falon gida ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Zafi ne babban abokin gaba

Abin da ya fi saurin tsufa a cikin ampili da sauran kayan sauti shi ne kondansata mai ruwa, wato ƴan gwangwanayen nan masu kama da ƙananan batura da ake gani idan mai gyara ya buɗe akwatin. Ruwan da ke cikinsu yana bushewa a hankali, kuma zafi ne ke hanzarta bushewar. Idan sun fara gajiya sai a ji lasifika na gurnani, ko na'ura ta riƙa jinkirin tashi, ko ta riƙa mutuwa da kanta.

Masu ƙera su suna da ƙa'ida sananniya: duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage tsawon rayuwar kondansata da rabi. Da yawa daga cikin masu araha an yi su ne su yi aikin awa 2,000 a zafin digiri 85. Daga nan lissafin ba shi da wuya. A ɗakin da zafinsa yake digiri 20, kamar yawancin gidajen Turai, cikin ampili zai iya kai wa 35, kondansata ta yi kimanin awa 64,000, wato sama da shekara 7 ba tare da an kashe ba. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Yamai da Tahoua, cikin ampili ɗin nan zai iya kai wa 55. A irin wannan zafin awa 16,000 kawai za ta yi, ƙasa da shekara 2 idan ana barin sa kunne dare da rana. Amma idan awa 4 ake amfani da shi a yini sannan a kashe, waɗannan awoyin za su kai kusan shekara 11.

Ƙiyasi ne, kuma ba duk shekara ake zafin bazara ba, amma ya nuna dalilin da ya sa shawarar da ta yi wa mazaunin Paris daidai ba ta dace da mazaunin Ƙonni ba. Ga kuma ƙura, musamman lokacin ɗari. Ampili mai fanka a ciki yana zuƙo ta muddin yana kunne, ta taru ta toshe ramukan shan iska, zafi ya ƙaru. Lulluɓe shi da ƙyalle don kare ƙura dabara ce mai kyau, amma sai bayan an kashe shi ya huce.

Ɗaukewar wuta da tsawa

Wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa gidaje ta bolt 220 ce, kuma an yi kayan sauti ne su jure ɗan hawa da sauka kusa da wannan adadi. Matsalar ita ce lokacin da aka dawo da wuta bayan an ɗauke. A ƴan daƙiƙun farko takan zo da ƙarfi ko ta yi ta rawa, domin firji, fanka da injinan unguwa duka suna tashi lokaci guda. Wani lokaci ma ta zo ta koma sau biyu ko uku kafin ta zauna.

A nan ne hujjar masu barin kaya kunne take juyawa a kansu. Wanda ya bar ampilinsa kunne don gudun kunnawa da kashewa, wutar ce za ta riƙa kashe masa shi tana kunnawa, a mafi munin lokaci, kuma wataƙila ba ya gida. Haka abin yake ga masu janareto, wanda aka fi sani da gurup: sai ya tashi ya daidaita sannan ake jona kayan sauti, kuma a kashe su kafin a kashe shi.

Da damina kuma, daga Yuni zuwa Satumba, akwai tsawa. Ba sai aradu ta faɗa kan gida ba. Idan ta sauka kusa da layin wuta, ƙarfinta yana bin waya ya shiga gidaje. Yana iya biyowa ta wayar eriya ko ta tauraron ɗan'adam, ya ƙona dikoda, ya wuce zuwa talabijin da ampilin da ke haɗe da ita. Kashewa da telekomand ba ta hana wannan, ko makunnin jikin na'ura ba ya isa. Cire waya daga soket, da cire ta eriya, shi ne kariyar da ta tabbata. Na'urar daidaita wuta tana taimakawa wajen hawa da saukar yau da kullum, musamman mai jinkirta sakin wuta bayan an dawo da ita, amma ba ta tare aradu.

Abin da ke fita daga aljihu

Na'ura tana da hali uku: tana kunne ko da ba ta fitar da sauti, tana barci bayan an kashe ta da telekomand ƴar fitila na ci, ko an raba ta da wuta gaba ɗaya. A hali na uku ne kawai mita ba ta ƙirga komai.

Ampili na gida da aka bari kunne shiru yana iya cin wat 20 zuwa 40, wasu manya fiye da haka. Na wat 30 zai ci kilowat 21.6 a wata, kusan 263 a shekara. Idan aka ƙaddara kowane kilowat a kan sefa 100 don sauƙin lissafi, sama da jika 2 ke nan a wata, jika 26 a shekara, a kan na'urar da ba wanda ke saurare. Kowa na iya duba farashin da ke kan takardar kuɗin wutarsa ya yi nasa lissafin.

Halin barci ya fi sauƙi, amma ya danganta da shekarun na'ura. Tarayyar Turai ta kafa doka a 2008 wadda ta ƙayyade cin wutar barci zuwa wat 1 daga 2010, sannan rabin wat daga 2013. Sabbin kayan da aka yi bisa wannan doka ba su cin abin a zo a gani. Tsofaffin kayan hannu da aka ƙera kafin lokacin, da masu arahar da ba su bi ƙa'idar ba, suna iya cin ninkin haka sau da yawa. Gwajin ba shi da wuya: a taɓa saman na'ura awa guda bayan an kashe ta da telekomand. Idan da ɗumi, tana cin wuta.

Ga gidajen da ke amfani da hasken rana, asarar ta fi fitowa fili. Wat 30 na tsawon awa 10 na dare daidai yake da amfiya 25 daga batir mai bolt 12, wato kashi ɗaya cikin huɗu na batir mai amfiya 100. Tun da ba a so a zuƙe batirin dalma fiye da rabi, rabin wutar da iyali za su kwana da ita a fanka da fitila ke nan ta tafi a banza.

Yadda ya dace a yi

Idan hutun gajere ne, kamar a tashi salla ko cin abinci a dawo, a rage murya a bar kayan kunne. Kunnawa da kashewa sau goma a yini ba shi da amfani. Idan kuwa an gama saurare, ko za a kwanta, ko za a fita, a kashe. Kunnawa sau ɗaya ko biyu a rana ba ya yi wa na'ura lafiyayya komai, don haka aka yi mata makunni.

Akwai tsari wajen kunnawa. A rage murya tukuna, a fara kunna rediyo, dikoda ko abin da sautin ke fitowa daga gare shi, ampili ya zo ƙarshe. Wajen kashewa kuma ampili ne farko. Wannan yana hana ƙarar nan mai kama da bugu da ke fita daga lasifika, wadda ke iya lalata ta.

Jona kayan duka a kan reshen soket ɗaya mai makunni yana sauƙaƙa aikin, ko yaro zai iya kashe su da dannawa ɗaya da zarar an ɗauke wuta. Idan ta dawo, a ba ta ƴan mintoci ta zauna. Idan hadari ya haɗo ko za a yi tafiya, a zare wayoyin gaba ɗaya.

Lasifikoki masu caji suna da nasu hukunci. Ƙananan masu batirin litiyom ba sa son zama a caji kullum cikin zafi, a cire su idan sun cika. Manyan masu taya da ake ja zuwa wurin biki ko wa'azi, da yawansu batirin dalma gare su, shi kuma barin sa ba caji ne ke kashe shi, don haka a cika shi bayan kowane aiki kafin a ajiye.

Kayan da aka ajiye ba a amfani da su ma suna buƙatar kulawa, domin kondansata na lalacewa idan ta shekara da shekaru ba ta ga wuta ba. Kunna su na awa guda bayan kowane ƴan watanni ya wadatar. Ampilin da ya daɗe ƙwarai a ajiye kuwa, gara a kai wa mai gyara ya duba shi kafin a jona shi da wuta.