Intel Ko AMD: Wanne Ya Fi Juriya A Bakin Tafkin Kainji?

Daga Wakilinmu

Daga Warra, hedkwatar ƙaramar hukumar Ngaski, har zuwa Yelwan Yawuri da Shanga, duk ma'aikaci ko ɗalibin da ya yi tanadi don sayen na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta, yakan ci karo da tambaya guda: mai Intel zai saya ko mai AMD? Ba tambayar wasa ba ce, domin tun 2015 da kwamfuta ake ɗaukar jarrabawar JAMB, ga shi kuma kuɗin na'urar yakan cinye albashin watanni.

Waɗannan kamfanoni biyu na Amurka su ke ƙera furosesa, ɗan ƙanƙanen abin nan da ke yi wa kwamfuta lissafi. An kafa Intel a 1968, shekarar da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji, AMD kuwa a 1969.

Kowannensu ya taɓa yin tuntuɓe. A 1994 aka gano Pentium na Intel yana kuskure wajen lissafin rabawa, musanya shi ya ci wa kamfanin dala miliyan 475. A 2023 waɗansu Ryzen 7000X3D na AMD suka riƙa ƙonewa saboda wutar da ke shigarsu ta wuce kima, har sai da aka ƙayyade ta. A 2024 kuma Intel ya amsa cewa irin wannan yawan wuta na lalata waɗansu furosesocinsa na kwamfutar kan tebur, zubi na 13 da na 14, ya ƙara musu garantin shekara biyu.

Ashe ke nan suna ba shi ne madogara ba, zubin da aka saya shi ne abin dubawa. Saboda haka mai saye ya nemi lambar furosesa, ya kuma tambaya ko an sabunta manhajar da kamfanin ya fitar don gyara.

A ƙasar Yawuri kuwa akwai abokan gaba na gida. Ƙurar hunturu na toshe fanka, zafin Afrilu yakan haura digiri 40, sai furosesa ya rage gudu ko ya kashe kansa don kada ya ƙone. Hawa da saukar lantarki kuma caja suke fara ci. A riƙa share fanka, a daina ɗora na'ura bisa katifa, a nemi sitabilaiza. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare, haka ba a sanin kwamfuta mai juriya sai bazara ta kama.